Ƙwan Lantarki Mai Murɗe: Matsalolinsa a Cikin Gida da Hanyoyin Kauce Musu

Shekaru kusan ashirin ke nan da farin ƙwan lantarki mai murɗe, wanda 'yan kasuwa ke kira enaji, masana kuma ke taƙaita sunansa da CFL, ya mamaye gidaje da shaguna da ofisoshi a biranen Najeriya. Ya shigo ne da alkawura biyu: zai rage shan wuta, kuma zai daɗe bai mutu ba. Alkawarin farko ya cika. Na biyun kuwa, magidanta da dama sun ga akasinsa, domin ƙwan da aka rubuta wa shekaru a jikin kwali yakan mutu cikin 'yan watanni. Bayan wannan akwai batun sinadarin zaiba da ke cikinsa, wanda shi ne ya sa ƙasashen duniya suka amince su daina ƙera shi. Tun da har yanzu ƙwan yana rataye a ɗakuna masu yawa, kuma ragowarsa na kan kantocin kasuwa, sanin halinsa ya shafi aljihun mai gida da lafiyar iyalinsa.

Asalinsa da yadda yake aiki

CFL ƙanin doguwar farar fitilar nan ce da aka saba gani a ajujuwa da asibitoci. Bayan rikicin man fetur na 1973, kamfanonin lantarki sun shiga neman hanyar ƙanƙantar da ita yadda za ta shiga mazaunin ƙwan gida. Wani injiniya na kamfanin General Electric a Amurka, Edward Hammer, ya ƙera samfurin mai murɗe a 1976, amma kamfanin ya jingine shi saboda tsadar ƙerawa. Kamfanin Philips ya fitar da nasa kasuwa a 1980. Sai a tsakiyar shekarun 1990, da masana'antun ƙasar Sin suka shiga harkar, mai murɗen ya yi araha ya bazu a duniya.

Tsohon ƙwai mai jan haske yana aiki ne da siririn zaren ƙarfe da wuta ke gasawa har ya yi haske, kuma kusan kashi 90 cikin ɗari na wutar da yake sha zafi take zama. CFL ya bi wata hanya dabam. Bututun gilashinsa na ɗauke da iskar agon da ɗan ƙwayar zaiba. Idan wuta ta ratsa, tururin zaibar yakan fitar da wani haske da ido ba ya gani, irin wanda ke cikin hasken rana yana ƙona fata. Farar hodar da aka shafe cikin bututun da ita ce ke karɓar wannan haske ta mayar da shi fari. A cikin farar robar da ke gindin ƙwan kuma akwai ƙaramin allon na'ura mai tayar da wutar da daidaita ta. Mafi yawan matsalolin ƙwan daga wurare biyu suke tasowa: wannan allo, da kuma zaibar.

Da wannan dabara, CFL mai wat 13 zuwa 15 yana ba da hasken tsohon ƙwai mai wat 60. Shi ya sa gwamnatoci suka rungume shi. A 2007, lokacin da ruwan madatsar Akosombo ya ja baya Gana ta shiga ƙarancin wuta, gwamnatin ƙasar ta raba ƙwai miliyan 6 kyauta, abin da ya rage buƙatar wuta a lokacin da aka fi shan ta da megawat 124. A Najeriya ma Hukumar Makamashi ta Ƙasa ta gudanar da shirin raba ƙwai miliyan 1 tare da haɗin gwiwar ƙasar Kyuba da ƙungiyar ECOWAS.

Me ya sa yake saurin mutuwa?

Kwalayen CFL kan nuna awa 6,000 zuwa 15,000, alhali tsohon ƙwai awa 1,000 ne. Waɗannan alƙaluma daga ɗakin gwaji suka fito, inda ake kunna ƙwan na kusan awa uku a jere kafin a kashe, ƙarfin wuta bai motsa ba, ɗakin kuma yana da sanyi daidai. Gidan Kano ko Gusau ko Maiduguri bai yi kama da wannan ɗaki ba ta fuska huɗu.

Na farko, yawan kunnawa da kashewa. A kowane bakin bututun akwai ɗan zare da aka shafa wa sinadari, kuma duk lokacin da aka kunna ƙwan sai wani abu ya zaizaye daga wannan shafi. Baƙin da ke taruwa a gindin bututun tsohon ƙwai alamar zaizayar ce. Saboda haka aka ba da shawarar a bar CFL a kunne aƙalla minti 15 in an kunna shi. Banɗaki da sito da matakala, inda ake shiga a fito cikin minti biyu, su ne wuraren da ya fi gajeren kwana. Ɗaukewar wuta da dawowarta ma kunnawa da kashewa ce a wurin ƙwan, haka nan sauyawa daga wutar gari zuwa janareta.

Na biyu, rashin daidaiton ƙarfin wuta. An tsara kayan lantarkin Najeriya a kan bolt 230. Idan wuta ta yi rauni ƙwarai, ƙwan yakan yi ta yunƙurin kamawa yana ƙyaftawa, kowane yunƙuri kuma yana cin zaren bututun yana gasa allon. Idan ta dawo da ƙarfi fiye da kima, ko wayar nutural ta tsinke a layin unguwa, ƙarfin da ke shiga gida na iya kusantar bolt 400, ƙananan kayan da ke kan allon kuma su ƙone nan take.

Na uku, zafi. A kan allon akwai wani ɗan kwanso mai tara wuta da ke ɗauke da ruwan sinadari, wanda zafi ke busarwa sannu a hankali. Ƙa'idar da injiniyoyi ke aiki da ita ita ce, duk ƙarin zafi na digiri 10 yana raba kwanan wannan kwanso biyu. Ƙwan da aka rataya kansa na kallon ƙasa, zafin bututun yana hawa kai tsaye zuwa gindin da allon yake. In aka rufe shi cikin gilashin ado ko aka cusa shi cikin ramin silin, iska ba ta kai masa. A haɗa wannan da ɗaki mai rufin kwano a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a biranen Arewa.

Na huɗu, rashin inganci. Kasuwa ta cika da ƙwai marasa nauyi da aka rage wa kayan kariya domin a sayar da araha. Wasu an rubuta musu wat mai yawa a kwali, amma abin da suke ja da hasken da suke bayarwa bai kai rabin hakan ba. Hausawa sun ce araha ba ta ado: wanda ya sayi ƙwai huɗu a shekara ya kashe fiye da kuɗin mai kyau guda.

Idan ajalin ƙwan ya zo, wani lokaci yakan yi ƙara, ya fitar da ɗan hayaƙi da warin ƙonanniyar roba, gindinsa ya yi ruwan ƙasa. A ƙwai mai inganci robar ba ta kamawa da wuta, kuma akwai fis a ciki da ke yanke wutar. A jabu babu tabbacin ko ɗaya. Ƙwan da ya fara ƙyaftawa, ko gindinsa ya canza launi ko ya tsage, ya kamata a kashe makunni a bar shi ya huce a cire shi, musamman a shagon da ke cike da yadi ko katifa ko takardu.

Zaiba: hatsarin da ba a gani

Kowane CFL na ɗauke da zaiba, kuma ba ya aiki sai da ita. Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta ƙiyasta matsakaicin abin da ke cikin ƙwai guda da kimanin miligiram 4, wanda bai wuce ya rufe kan bakin biro ba. Tsohon ma'aunin zafin jiki na gilashi yana ɗauke da kusan miligiram 500. Tarayyar Turai ta fara ƙayyade miligiram 5, sannan ta sauko da shi zuwa 2.5 a 2013 ga ƙwai masu ƙasa da wat 30. Ƙwan da ba a san inda aka ƙera shi ba kuwa, babu mai iya cewa ga adadin da aka zuba masa.

Muddin gilashin bai fashe ba, zaibar na kulle a ciki, ba ta cutar da kowa. Da zarar ya fashe, sai ta fara tashi a matsayin tururi marar launi marar wari, kuma zafi yana ƙara mata saurin tashi. Huhu na tsotse kusan kashi 80 cikin ɗari na tururin da aka shaƙa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya zaiba cikin sinadarai goma da suka fi zama barazana ga lafiyar jama'a, saboda illarta ga ƙwaƙwalwa da jijiyoyi da ƙoda. Waɗanda suka fi rauni a gabanta su ne ɗan tayi da ƙananan yara, yaro mai rarrafe kuma hancinsa ya fi na kowa kusa da ƙasa, inda ɓaraguzan suke.

Fashewar ƙwai guda a ɗakin da iska ke shiga, aka kuma kwashe yadda ya dace, ba abin firgita ba ne. Damuwar tana ga ɗakin da aka rufe, da kafet ɗin da ya riƙe hodar tana fitar da tururi na kwanaki, da kuma wanda ke hulɗa da fasassun ƙwai kullum: ɗan kasuwar da katan ya faɗo masa a cikin ƙuntataccen sito, mai gyaran wuta, da 'yan jari-bola masu fasa ƙwan domin su ciri ƙarfe da waya.

Idan ƙwai ya fashe a ɗaki

Matakan da hukumomin muhalli suka tsara ba su da wuya, sai dai sun saɓa wa abin da hannu ya saba yi, wato ɗaukar tsintsiya.

1. A fitar da kowa daga ɗakin, musamman yara da mai juna biyu, ba tare da an taka wurin ba.
2. A buɗe tagogi da ƙofar da ke kallon waje, a kashe na'urar sanyaya ɗaki, a bar wurin ya sha iska na minti 5 zuwa 10 ko fiye.
3. A sa safar hannu ko a rufe hannu da leda, a kwashe manyan gilasan da hodar da kwali mai ƙarfi.
4. A bi wurin da salatif domin ya ɗauke ƙananan ɓaraguzai, sannan a goge da jiƙaƙƙen tsumma ko takarda.
5. A zuba komai, har da kwalin da tsumman, cikin kwalba mai murfin ƙarfe. In babu, a ɗaure a cikin leda mai kauri. A fitar da shi waje nan take, domin leda ba ta riƙe tururin gaba ɗaya.
6. A wanke hannu da sabulu, a bar tagogi a buɗe na wasu sa'o'i.

Tsintsiya tana watsa hodar, injin zuƙe ƙura kuma yana fesa tururin cikin iska, don haka a guje musu. Darduma ko tabarmar da ƙwan ya fashe a kai, a fitar da ita waje ta sha iska nesa da wurin wasan yara. Abincin da ɓaraguzai suka faɗa ciki zubarwa ake yi.

Ingancin haske da lafiyar ido da fata

CFL ba ya kai cikakken haskensa da zarar an kunna shi. Yakan ɗauki daƙiƙa 30 zuwa minti 3, kuma jinkirin ya fi yawa da asubar hunturu. Haskensa na raguwa da tsufa, har ya rasa kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari kafin ya mutu. Ƙurar da ke kwanciya a lungunan murɗin tana ƙara dusashe shi.

Akwai kuma batun launi. A ma'aunin da ake auna yadda fitila ke nuna ainihin launin abu, hasken rana da tsohon ƙwai suna da maki 100, yawancin CFL kuwa wajen 80 suke. Wannan gibi yana da tasiri ga mai sayar da atamfa ko shadda a Kantin Kwari, da tela mai haɗa zare da yadi, domin ja da ruwan hoda da ruwan goro kan sauya kama a ƙarƙashin farin ƙwai. Mai sayen da ke fita da yadi bakin ƙofa ya duba a rana yana da hujja. Lambar da ke jikin kwali tana nuna irin hasken: 2700K mai ɗan ja ne, ya dace da ɗakin kwana, 6500K kuma fari ne fat mai ɗan shuɗi, ya fi dacewa da wurin aiki.

Hodar da ke cikin bututun ba ta tare ɓoyayyen hasken nan gaba ɗaya, musamman inda ta tsattsage a lanƙwasar gilashin. A 2008 hukumar kare lafiya ta Birtaniya ta ba da shawarar kada a zauna kusa da CFL marar rufi, a tazarar da ba ta kai santimita 30 ba, fiye da awa guda a rana. Ƙwan da ke rataye a silin bai shiga wannan gargaɗi ba. Wanda ya shafa shi ne mai karatu da fitilar tebur, da mai gyaran waya ko agogo da ke kusantar da ƙwan ga fuskarsa, da masu cututtukan da ke sa fata ta kasa jure hasken rana. Ƙwan da aka lulluɓe murɗinsa da gilashi na biyu yana tare mafi yawan wannan haske.

Rikici da sauran kayan lantarki

Allon CFL yana jan wuta ne a fizge, ba a jere ba. Sakamakon haka, ƙwai mai wat 15 na iya ɗora wa janareta ko inbata nauyin da ya kusan ninki biyu na abin da aka rubuta. Mitar gida ba ta cajin wannan ƙari, amma ƙaramin janareta da inbata suna jin sa, wanda ya lissafa ƙarfin na'urarsa da wat ɗin kwali kawai zai ga ta cika tun bai kai adadin ƙwan da ya tsara ba. Inbata mai araha, wadda wutarta ba ta da santsi irin na wutar gari, takan sa ƙwan ya yi ƙugi ya kuma mutu da wuri.

CFL na yau da kullum bai dace da makunni mai rage haske ba, irin wanda ake juyawa kamar na fanka. Haɗa su yana gasa allon, har yana iya jawo gobara. Allon yana kuma watsa ƙara a zangon rediyo, shi ya sa mai sauraren gajeren zango ko matsakaicin zango kan ji shuu da zarar an kunna fitila. Nisanta rediyon da mita biyu ko uku yakan rage matsalar. Wani lokaci ma yakan rikita rimot na talabijin.

Ƙwan da ke walƙawa jifa-jifa cikin dare bayan an kashe shi yakan tsorata mutanen gida. Dalilinsa ɗaya ne daga biyu: ko makunnin yana da ɗan jan haske da ke barin 'yar wuta ta wuce, ko kuma mai haɗa wayar gidan ya ɗora makunnin a kan wayar nutural a maimakon mai ɗauke da wuta. Na biyun yana buƙatar gyara da gaggawa, domin mazaunin ƙwan na ɗauke da wuta ko da an kashe, kuma yana iya jan mai canza ƙwai.

Ina mataccen ƙwai zai tafi?

A ƙasashen da suka tsara abin, manyan shaguna da hukumomin shara suna karɓar matattun ƙwai, a kai su masana'antar da ke raba gilashi da ƙarfe da zaiba. A Najeriya hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, ita ke kula da dokokin sharar kayan lantarki, amma a aikace yawancin ƙwai bola suke ƙarewa, inda ake fasa su ko a cinna wa sharar wuta. Wuta na tura zaibar cikin iska, ruwan sama kuma ya wanke ragowar zuwa kwata da kududdufi da kogi. A cikin ruwa ƙwayoyin halitta kan mayar da ita wani nau'i mafi guba da ke taruwa a jikin kifi.

Abin da ke hannun mai gida shi ne ya mayar da mataccen ƙwai cikin kwalinsa ko ya naɗe shi da takarda, ya ajiye inda yara ba sa kaiwa, kada ya fasa, kada ya jefa cikin sharar da za a ƙona. Ofisoshi da makarantu da masallatai da ke canza ƙwai da yawa sun fi buƙatar tanadar akwati na musamman da tuntuɓar hukumar muhalli ta jiharsu.

Hukuncin duniya da abin da ya maye gurbinsa

A 2013 ƙasashen duniya suka rattaba hannu kan Yarjejeniyar Minamata, wadda aka raɗa wa sunan garin Japan da aka gano cutar gubar zaiba a 1956, bayan wata masana'anta ta daɗe tana zuba dagwalonta a teku. Yarjejeniyar ta fara aiki a watan Agustan 2017, Najeriya kuma ta tabbatar da shigarta a 2018. Ƙasashen Afirka ne suka gabatar da buƙatar a kawo ƙarshen fitilu masu zaiba. A taron Bali na 2022 aka amince a daina ƙera CFL na gida mai wat 30 zuwa ƙasa, da shigo da shi da fitar da shi, bayan 2025. Taron Janiba na 2023 ya sanya wa sauran nau'o'in, har da doguwar farar fitila, wa'adin 2026 da 2027. Matakin bai haramta amfani da ƙwan da ke gida ba. Abin lura ga 'yan kasuwa shi ne, kayan da wasu ƙasashe suka rufe wa ƙofa sukan nemi kasuwar da sa-ido ya yi rauni, a kan farashi mai jan hankali.

Abin da ya sauƙaƙa wannan hukunci shi ne ƙwan LED, wanda ba shi da zaiba, yana kamawa nan take, kuma yawan kunnawa da kashewa bai cika cutar da shi ba. Lissafi mai sauƙi zai nuna bambancin. Gida mai ƙwai 10 da ke ci awa 6 a kullum, a wata zai sha yunit 108 da tsohon ƙwai mai wat 60, yunit 27 da CFL mai wat 15, yunit 16.2 da LED mai wat 9. A farashin naira 225 kan kowane yunit da aka sanya wa 'yan rukunin A a watan Afrilun 2024, kuɗin ya kama naira 24,300, da 6,075, da 3,645.

LED ma yana da allo a gindinsa, don haka zafi da hauhawar wuta da jabu suna kashe shi kamar yadda suke kashe CFL. Mai saye ya duba adadin lumen, wato ma'aunin haske, kafin wat: lumen 800 shi ne daidai da tsohon ƙwai mai wat 60. Ya duba faɗin ƙarfin wutar da ƙwan ke jurewa, da sunan kamfani da adireshinsa, da shaidar Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta SON, ya kuma nemi garanti daga mai shago.

CFL ɗin da ke aiki lafiya babu dalilin cire shi a jefar, domin hakan gaggauta kai zaibarsa bola ne. Ya fi kyau a mayar da shi inda fitila ke daɗewa a kunne kuma iska na ratsawa, kamar baranda ko zaure, a cire shi daga ɗakin yara da kicin da duk inda ƙwallo ko sanda ke iya kai masa. Wajen ɗaurawa da cirewa a riƙe shi ta gindin roba, kada a kama gilashin. Ranar da ya mutu kuma, a naɗe shi a ajiye, a sa LED a gurbinsa.